Giɓin da Ke Tsakiyar Rafi

Abu na ƙarshe da nake tunawa, ruwa ya kawo min gwiwa, ɗan Yayata yana barci a bayana. Daga suna muke dawowa a Birnin Kudu. Mota ta sauke mu a bakin titi, sauran hanyar ƙauyenmu ta wajen Fagam kuwa sai an tsallake rafi da ƙafa. Yaya na fama da ciwon baya, shi ya sa na karɓi goyon. Ashe an tafka ruwa can saman rafin, ba mu sani ba.

Sai kawai na gan ni zaune kan yashi a ɗaya gaɓar, jiƙe sharkaf, majanyi a hannuna. Yaron yana tsala kuka a hannun wani manomi.

Tsakanin nan da can babu komai a kaina. Kamar giɓin haƙori, harshe sai komawa wurin yake yi.

Kwana uku mata na shigowa jaje. Gwaggo, wadda muka tsallako tare, ita ke ba da labari: "Wallahi 'yar bokon nan ta ba ni mamaki! Kwance shi ta yi, ta ɗaga shi sama, ruwa har wuyanta, sai da ta miƙa wa bawan Allahn nan." A wurinmu mace ba ta shiga ruwa mai ƙarfi da goyo a ɗaure. Kwancewa take ta saɓa yaro a kafaɗa, don in ta faɗi kada ta nutse da shi. Ni ban taɓa koyon haka ba, a makarantar kwana na girma.

Rana ta huɗu ina bayan zana na ji wata tsohuwa mai daddawa, ita ma tana rafin ranar, tana ce wa Inna a hankali: "Ni dai na ga ta kwance. Na kuma ga hannayenta biyu suna neman gaɓa, ba yaro. Allah ne ya kawo mutumin nan."

Tun daga nan abinci ya daina wuce min wuya. A asibitin Gwaram wata nas ta ce min zuciya kan rufe abin da ya fi ƙarfinta, in bar shi. Ni ba mantuwar ce ke ba ni tsoro ba. Wata ce ta kwance majanyin nan da hannuna, ban san ta ba, ban san me ta nufa ba, kuma tana nan cikina. In na duba madubi sai in rasa wacece ke kallona.

Na daina ɗaukar yaron. Ko ya miƙo hannu sai in zame.

Jiya na daure na tambayi Yaya me ta gani.

"Ke, ni da nake shan ruwa a baya? Ƙeyarki kawai na gani." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Zo ki goya min shi, ya hana ni aiki."

"Yaya, in waccan ta sake dawowa fa?"

"Wa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗora min shi, ta miƙo majanyin, wannan dai na ranar. Na ƙulla, na sake ƙullawa a kai, har yaron ya yi ƙara. Yaya ta ce, "Sassauta mana, za ki ɓalla shi." Na sassauta kaɗan. Amma ban iya wuce bakin zaure da shi ba.