Rumbun da Na Yi wa Siminti

Shekarun da kuɗin mai suka fara zagayowa har kan irinmu ƙananan ma'aikata, ina tuƙa tifa a wani kamfani mai yin titi ta wajen Kankara. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga albashi ga sabon babur, sai kaina ya yi girma. Duk abin da aka gina da ƙasa da ciyawa, a idona talauci ne kawai.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. A tsakar gidan akwai babban rumbun Baba, mahaifina, wanda ya gina da hannunsa da jar ƙasa, ya ɗora shi a kan duwatsu, kaji na shiga ƙarƙashi su sha inuwa. Duk shekara sai an yi masa hidima. A sake jinka, mahaifiyata Inna ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a shafe jikinsa don kada ruwa ya zaizaye shi. Kwana uku ana abu ɗaya, Baba na hawa tsani da tsufansa. Ni kuwa haushi abin yake ba ni.

A ciki yake zuba abincin damina, can sama kuma ya jera dammunan iri. Wata farar dawa ce mai doguwar zangarniya da ya gada daga kakanmu. Ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ta yi, tuwonta kuma ya kwana bai saki ba. Mutanen garin duk sun koma sabon irin malaman gona, shi kaɗai ya rage da ita, yana kuma ji da ita ƙwarai.

Wata shekara da kaka, sai na iso da siminti da bandir ɗin kwano da birkila. Na ce, "Baba, daga bana ka huta da hawa tsani."

Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce, "Wanga abu, shina barin iska ta wuce?"

Na yi dariya. Na ce, "Baba, mi iska za ta yi cikin rumbu? Ɓera ma ba shi samun hanya."

Bai yi musu ba. Maƙwabta sun taru suna sa mini albarka, ina jin bai so ya kunyata ni a gabansu ne. Muka shafe rumbun ciki da waje, muka toshe ƙarƙashinsa, muka sauke jinka muka buga kwano. Har daga wasu ƙauyuka aka riƙa zuwa kallo, ni kuma ina ta hura hanci.

Aka zuba dawa kamar yadda aka saba, da ɗan sauran danshinta wanda tsohon bango kan tsotse a hankali. Babu wanda ya san cewa kwano na yin gumi da sanyin safe ya riƙa ɗiga, siminti kuma ba ya barin komai ya fita. Babban rumbu a gidanmu ba a buɗe shi sai ruwa ya kusa, ƙaramin na Inna ake ci. Wata biyar babu wanda ya leƙa.

Ina gida ranar da aka buɗe. Warin ne ya fara fitowa, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Dawar ta yi baƙi ƙirin, funfuna ta cinye ta, dammunan sun manne da juna. Na iri da ke sama su suka fi lalacewa, don a kansu kwanon yake ɗiga. Baba ya ɗauko zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ta zama gari.

Shi da Inna suka baje tabarma, suka yi kwana biyu suna tsintar ƙwayoyin da suka ga kamar da rai. Abin da suka samu bai cika ƙoƙo ba. Da ruwa ya sauka ya shuka a bayan gida, ko ɗaya ba ta tsiro ba. Ya kama hanyar Damari wajen ƙanwarsa, wadda ya taɓa ɗibar wa irin, ya tarar 'ya'yanta sun daɗe da barinsa. Ya dawo da buhunsa a naɗe.

Abinci kam na saya. Na je kasuwar Kankara na lodo masara, ba wanda ya kwana da yunwa. Na kuma bi rumfunan 'yan hatsi ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta farar dawar nan, kowa na girgiza kai. Ran nan na ji aljihuna cike da kuɗi, amma ban taɓa jin kaina banza kamar haka ba.

Na yi ta jira ya zage ni, ko ya mare ni, in samu sauƙi. Bai yi ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa, "Laihina ne, ni na zuba ta ba ta bushe ba." Wannan magana ta fi mari ciwo, kuma har ya rasu bai sauya ta ba.

Rumbunan ƙasa na gidan duk sun zube sun koma ƙasa, an shuka kuɓewa a gurbinsu. Nawa mai siminti yana nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba, kuma tun ranar ba a sake zuba masa ko ƙwaya ɗaya ba. Jikokina sun tambaye ni wa ya gina shi, na ce musu mahaifina ne ya gina, ni ne na kashe shi.