Filin da Inna Ke Kallo Daga Saman Gida

Gidanmu na Jidda ba shi da wani abin a zo a gani, in ban da samansa. Idan aka hau, ta ramukan katangar bulo ana hango filin ƙwallon unguwarmu gaba ɗaya, da ƙasarsa mai gishiri da kujerun katakon da maza ke cikawa ranar Juma'a bayan la'asar. Mata ba sa shiga filin. Amma Inna ta fi duk mazan nan sanin ƙwallo, balle Baba da ke sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, wanda sai ya ji ihu yake tambayar wa aka ci.

Yayana ne mai tsaron raga. Duk Juma'a ni da Inna muna sama, ita ido a rami, ni ina riƙe da butar shayi. In aka zura masa ƙwallo, kafin ya cire takalmi a ƙofar gida ta tare shi da faɗa, wai raga 'yar mitsitsiya kamar tagar ɗaki, ƙato kamarsa ya kasa tsarewa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, abin da ke ƙara tunzura ta.

A shekarun da kuɗin mai suka fara cin tsofaffin unguwanni, aka wayi gari an shafa jan fenti a katangar filin, wai titi zai bi ta wurin. Maza suka yi ta cika baki a wurin shan shayi wai ba za su yarda ba, ba a yi sati biyu ba suka koma yabon sabon filin da aka gina can bayan gari, mai ciyawa da fitilu. Na ji haushinsu ƙwarai. Su mota kawai za su hau. Sabon filin babu gida ko ɗaya kusa da shi, kuma babu macen da za a bari ta wuce ƙofarsa.

Inna ta kasa zama wuri ɗaya. Ta hau sama, ta sauko, ta ɗora tukunya ta manta, ta sake hawa. Ni ma ta hana ni sakat, kullum aike: in leƙa ko katafila ta iso, in tambayi maƙwabta ko an fasa. Ba a fasa ba. Cikin kwana uku aka kwashe kujerun, aka ture katangar, ƙura ta cika mana randa.

Rana ta huɗu da hantsi ta ja abaya ta ce mini, "Yalla, tashi. Yau dai babu ƙofar da za a hana ni shiga."

Muka tsallake tarin ƙasa da ɓaraguzan katako. Turakun ragar suna nan tsaye, ba a kai ga tuge su ba. Inna ta tsaya a tsakiyarsu, ta miƙa hannuwa, ta dubi dama ta dubi hagu. Sannan ta taka daga wannan turke zuwa wancan tana ƙirga sawu, ta dawo ta sake. Wani lebura ya tsaya yana kallonmu, ban ma kula shi ba.

"Ashe haka take da faɗi," in ji ta. "Na zalunci yaron nan."

Na ce ta gaya masa mana. Ta ce in yi mata shiru, mu koma gida.

Juma'ar da ta biyo baya yayana ya buga a sabon filin, aka zura masa biyu. Ya dawo bayan magariba, ya tsaya a ƙofa da takalmi a hannu yana jiran faɗa. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ga wasan ba, kuma ba ta ƙara ganin ya tsaya a raga ba har ya daina buga ƙwallo. Ta ɗago ta ce masa ruwa na bayi, ya je ya yi wanka. Ya daɗe tsaye a wurin kafin ya wuce.