Makunni Mai Jar Takarda

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa, har sunayen jikokina wani lokaci sai na lalubo su, amma abin da ya faru a likitar ƙauyenmu, wato ɗan asibitinmu, a wata bazara ba zai bar raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Yau dai na sa ɗana ya zauna da biro, ina faɗa yana rubutawa, don ni har gobe ban iya boko ba, kuma rashin iyawar nan yana cikin labarin.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin likitar nan, can yamma da Cadakori. Ɗaki huɗu ne da rufin kwano. Wutar gwamnati ba ta iso mu ba, sai pano na hasken rana a kan rufi, da batura a ɗakin ajiya. Duk abin da ke cin wuta a gidan za ka ƙirga shi da yatsu: ƙwan fitila biyar, fanka ɗaya, da wani tsohon firigo, wato firij, a ɗakin magani, inda ake ajiye alluran rigakafi da na masu haihuwa. Baturan sun gaji. Sau da yawa fitilar ɗakin haihuwa takan mutu ana tsakiyar aiki, ungozomar likitar, wadda muke kira madam, ta ƙarasa da tocila a baki.

Shugaban likitar, majo, Bazabarme ne, ni kuwa Bagobiri, kun ga ke nan abokan wasa ne mu tun kaka da kakanni. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "bawana". Ni ma ba na raga masa, nakan ce da shi ya je ya ci koptonsa, kwaɗon ganyen nan nasu, ya bar Hausa ga masu ita, don Hausarsa a karkace take, mace ma "shi" yake ce mata. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Amma idan ya kama ka da kuskure ɗaya, sai ya yi wata guda yana ba mutane dariya da kai a bakin kasuwa.

Wata rana da hantsi sai ga farar mota ta mutanen proje, masu ayyukan tallafi. Wani mai tabarau ya fito da takardu, ya ce an aiko shi ya koya mana tattalin wuta. Ya tara mu a baranda yana faransanci, majo yana juya mini abin da ya ga dama. Ya buɗe wata babbar takarda mai zane-zanen sanduna, kowace ƙasa da sandarta, gwargwadon wutar da buro-buronta, wato ofisoshinta, da kantunanta da asibitocinta ke ci. Wasu sandunan sun kusa fita daga takardar. Da ya nuna ta Nijar sai da na sunkuya na ƙura ido, ba ta fi ƙwayar hatsi ba.

Ni ban yi mamaki ba. Na yi ci-rani a Libiya, na yi gadin wani bene da fitilunsa ke ci ran Juma'a babu ko kyanwa a ciki. Na shiga banki a Katsina, sanyi ya doke ni tun daga bakin ƙofa har na yi atishawa. Abin da ya ba ni haushi shi ne, duk tsawon bayanin nan motarsa tana ƙarƙashin bishiyar bedi a kunne, direba yana kwance ciki yana shan sanyi. Na ce a raina, masu ƙoshi ne suka zo koya mana azumi. Amma ni mai gadi ne kawai.

Kafin ya tafi ya bi makunnan gidan yana liƙa musu 'yan takardu. Duk tsanwaye ne, sai guda ɗaya ja, wadda ya liƙa a makunnin bango kusa da firigo, da rubutu a jikinta. Ya bubbuga firigon da hannu ya yi wata magana, majo ya ce mini wai wannan shi kaɗai ya fi sauran duka cin wuta. Sannan majo ya dafa kafaɗata, yana sauri zai raka baƙo.

"Kai bawana, masu tsanwa ka kashe su in an tashi aiki. Wannan ja kuwa shi ne babba. Ka kula da shi sosai."

Ka kula da shi. Na tsaya ina juya maganar. A wurinmu ja alamar haɗari ce, ita ce a jikin kwalbar maganin ƙwari. Kuma yanzu aka ce shi ya fi kowa ci. Ni da aikina gadi, in an ce in kula da wani, ai ɓarawo ake nufi. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, har na buɗe baki zan tambaya. Sai na hango dariyar majo, na ji yadda zai ce, "Jama'a ku zo ku ga Bagobiri, Hausar ma sai Bazabarme ya fassara mishi." Na haɗiye tambayar. Yau da zan samu a dawo mini da wannan lokacin, da na yarda a yi mini dariya har ƙarshen rayuwata.

Daga ranar na ɗauki aiki. Da magariba in kashe masu tsanwa, in kashe ja. In na dawo daga sallar asuba in kunna shi. Ran Lahadi, da yake ba a duba marasa lafiya, yini yake a kashe. Kafin madam ta iso da ƙarfe takwas ta duba ma'aunin sanyi ta rubuta, firigo ya sake yin sanyi, babu abin da za ta gani. Ƙwan cikinsa ya daɗe da mutuwa, don haka ko an buɗe shi a kashe babu alama. Ga shi bazara ce, irin wadda kwano ke ƙara da rana, ɗakin maganin nan ko da dare kamar tanda yake.

Kuma fa abin ya yi aiki, shi ne abin takaicin. Fitilar ɗakin haihuwa ta daina mutuwa. Majo ya ɗauka hana cajin salula da kashe fanka ne suka kawo gyara. Ya riƙa faɗi a gaban mutane cewa bawansa ya yi hankali a tsufansa. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya da sandata ina jin ni na fi mai tabarau sanin tattali. Wata biyu cur muka yi a haka.

Akwai wata Bafillata daga rugar da ke arewa da mu, mai sayar da nono. Duk ranar kasuwa takan sauke ƙwaryarta a inuwar bedin likita ta huta, ta cika ludayi ta miƙo mini. "Baba, sha, kar ka bushe kamar sandarka," haka take cewa. Ba ta taɓa karɓar ko dala a hannuna ba. A bazarar nan tana da tsohon ciki, na huɗu, kuma ba ta taɓa fashin awo ba. Mijinta ma ya so ta haihu a ruga kamar sauran, ita ta dage sai likita, wai a nan akwai allura.

Ranar da naƙuda ta zo, da hantsi aka kawo ta a amalanken shanu. Kafin azahar mun ji kukan jariri, mace ce. Mijin yana tsugune a gindin bedi, na je na yi masa barka, yana ta murmushi yana sosa ƙeya. Ba a jima ba na ji madam ta ƙwala wa majo kira da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Ya shiga a guje, ya fito a guje, ya buɗe firigo ya ɗebi alluran tsayar da jini. Ni aka sa ɗaukar ruwa. Ina ajiye bokiti a bakin ƙofa, a miƙo mini wani in zubar, kuma abin da nake zubarwa bayan katanga ba ruwa ba ne.

Ta ƙofar na ji madam tana cewa, "Na yi mata ta biyu, ba ya tsayawa. Kawo wata." Aka kawo wata. Aka sake kawo wata. Majo ya kira ambilans ta Gidan Runji, aka ce ta fita ɗauko wani. Da ƙyar aka samu motar 'yan kasuwa, aka sauke buhunan wake aka shimfiɗa tabarma. Ni na kama ƙafafunta muka sa ta ciki, sanyi ƙalau a cikin zafin nan. Ta buɗe ido ta dube ni, ban sani ba ko ta gane ni. Ba su kai kwalta ba rai ya yi halinsa.

Da la'asar motar ta dawo da ita. Mijin ya karɓi jaririyar a zane, ya zo inda nake ya kama hannuna da hannu biyu. "Baba, kun yi ƙoƙari," ya ce da Hausarsa ta Fulani. "Na gani da idona, tun rana kana ɗaukar ruwa. Kwana ne ya ƙare. Allah shi biya ka." Na ce amin, ina hawaye tsakani da Allah. Suka tafi. Magariba ta yi, na bi makunnai na kashe masu tsanwa, na shiga ɗakin magani na kashe ja, kamar kullum.

Madam ba ta samu barci ba, abin alluran nan ya tsaya mata a rai. Washegari ta riga ni isowa. Na dawo daga masallaci na tarar da ita tsaye gaban firigo a buɗe, hannunta a ciki.

"Baba, wa ya kashe wannan?"

"Ni na, madam. Kullum haka nika yi, yanzu za ni kunna shi."

"Kullum? Tun yaushe?"

"Tun randa mai tabarau yaz zo. Majo yac ce in kula da shi."

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. A nan na gane ba lafiya, tun kafin in san laifina. Aka kira majo, ya zo da butar alwala a hannu. Da ya ji, ya dube ni ya ce, "Na ce ka kula da shi!" Na ce, "Ai kula nika yi da shi." Ya nuna jar takardar da yatsa, ya karanta mini rubutun, ya juya shi da Hausa: kar a kashe. Abin da ke jiki ke nan tun ranar farko, a daidai inda nake ɗora yatsana kowace magariba.

Na jira ya zage ni, na jira ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ya kira ni da sunana na yanka, karo na farko tun da muka san juna, ya ce laifin bakinsa ne, shi ya kamata ya faɗa mini dalla-dalla. Madam ta ce babu mai iya rantsewa cewa da allurar na da ƙarfinta matar za ta tashi, akwai jinin da ko a Maradi ba ya tsayuwa. Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Aka kwashe duk abin da ke firigon aka zubar, aka bi ƙauyuka ana kiran yaran da aka yi wa rigakafi a watannin nan a sake musu. Majo ya rubuta wa na sama gaskiyar abin da ya faru, ya ɗora wa kansa. Kafin damina ta ƙare aka canja masa wurin aiki. Daga ranar har ya tafi, wasa bai sake shiga tsakaninmu ba.

Na daɗe ina jin haushin mai tabarau da dogayen sandunansa. Duniya tana ƙona wuta a benayen da babu kowa, amma a kan firigo ɗaya na ƙauye aka zo yin tattali. Har yanzu ina ganin akwai rashin adalci a nan. Sai dai shi mutumin ya rubuta gaskiya ya liƙa. Hannun da ya kashe makunnin nawa ne.

Yarinyar ta rayu, kakarta ta raine ta da nonon saniya. Yanzu ta isa ɗaukar 'yar ƙwarya, suna zuwa kasuwa tare, suna hutawa a inuwar bedin nan. Kakar takan ce mata, "Kai wa Baba, shi ya ɗauki ruwa ranar da anka haife ki." Ta miƙo mini ludayi da hannu biyu. Ina karɓa in sha, don ban san yadda zan ƙi ba, kuma har yau ban samu bakin faɗa musu ba.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. In an ba ka amanar abin da ba ka gane ba, ka tambaya, ko da duk garin zai taru ya yi maka dariya. Ni kunyar dariyar abokin wasa na guje wa, dariyar da ba za ta wuce wata guda ba. Ga shi yanzu duk ranar kasuwa marainiya ke ba ni nono, tana ce mini Baba.