Tsohuwar Rijiyar Hanyar Lafani

Ranar Asabar ce ta bazara, ina shekara goma, na tsaya a bakin tsohuwar rijiyar da ke hanyar Lafani ina cika baki. Babanmu mai gyaran babur ne da ya zo Illela daga Zuru, mu Kiristoci ne, ni kuwa ba wanda ya kai ni haddar ayoyi a makarantar Lahadi. Abokan kiwon awakina suka ce aljanu ne a cikin rijiyar, ko tsuntsu ba ya sauka a bakinta. Na ce ni 'yar Allah ce, su zuba ido.

Na sauka ina taka ramukan da mahaƙa suka sassaƙa a bango. Can ƙasa wani ramin ya ɓare, na faɗa cikin laka har gwiwa. Sanyi ya kama ni da tsakar rana. Sama ta koma kamar faifai, kawunan yaran suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Na fara karanta ayoyina da ƙarfi, sai rijiyar ta riƙa maido min da su da wata murya wadda ba tawa ba. Wani abu yana numfashi a cikin bangon, har yau ban san ko mene ne ba. Na ji tsoro ƙwarai, na daina karatun.

Da igiya ta sauko, wani tsohon makiyayi ne da raƙuminsa a bakin rijiyar, ashe yaran ne suka je suka kira shi. Ya yi wa igiyar zarge don in saka a ƙarƙashin hammata. Ni da taurin kai na ƙi, wai kada a ce an fito da ni kamar guga. Sau uku ina hawa da hannuna ina zamewa, tafukana duk jini, laka kuwa ta kai cinya.

"Ɗiyata, bar kokowa," in ji shi a hankali. "Ba ke ka hawa ba, mu ka jan ki."

Na zura hannuwana cikin zargen, na saki jiki ina kuka, suka jawo ni waje.

Ayar nan ta Afisawa a Littafi Mai Tsarki da ke cewa ceto kyauta ne, ba aikinmu ba, don kada kowa ya yi fahariya, na daɗe da haddace ta kafin ranar. Yanzu an cike rijiyar, babura na bi ta kanta zuwa Konni. Girman kai bai bar ni na tambayi tsohon sunansa ba, kuma ban sake ganinsa ba. Ko na gode ban ce masa ba.