Sunan da Kalilu Ya Ƙi Rubutawa

Kalilu mutumin Unguwar Lalle ne, kuma duk wanda ya san shi ya san kunya ce ta yi masa yawa. Tun yana saurayi in ya hango dattijo sai ya tuɓe takalmi, ko da rairayi na gasa ƙafa. Ya taɓa sakandare, ya koma gona, ya auri Rahmatu ɗiyar Labbo. Shekara goma sha bakwai da auren, ba wanda ya taɓa jin sunan surukin nan a bakinsa.

Da aka sake yin fari shekara ta biyu a jere, gero ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba, sai kowa ya gangara fadama neman abin da zai kai shi baɗi. Wata ƙungiya ta kawo injin ban ruwa huɗu, da tiyo, da diga da shebur, ta zuba a sito, ta miƙa wa Kalilu makulli da waya. A cikin wayar akwai fom. Mai son kaya sai a shigar da sunansa, da abin da ya ɗauka, da ranar maidowa, nan take manhajar ta nuna wa ofis a Sakkwato. Duk wata kuma a bugo sunayen a takarda, a liƙa a ƙofar sito, an rubuta a samanta: masu neman taimako.

To, a nan gizo ke saƙar, takardar nan kaɗai ta isa matsala. Labbo fa mutum ne da aka sani da rumbu tara, wanda rabin unguwa suka ci hatsinsa a shekarun wuya. Yanzu ba abin da ya rage masa sai albasar da ya dasa a fadama, ita ma ganyenta ya fara kwanciya. Ya tako sito ya roƙi mijin ɗiyarsa? Haba! Sai Rahmatu ce ta kawo maganar, tana kallon ƙasa.

"Malam, albasar Baba za ta mutu."

"Na ji. Za ni kai injin da kaina."

Ya buɗe fom, ya zo wurin suna, yatsansa ya ƙi tafiya. Ina zai iya liƙa surukinsa a ƙofa, yara masu wucewa su riƙa karantawa? Sai ya sa nasa sunan.

Magana ba ta kwana a ƙauye. Bawa, aminin Labbo, shi ma ya aiko. Dattawa suka yi ta aike, Kalilu na ta sa sunansa. Wallahi bai taɓa cin ko ƙwayar albasa ɗaya ta kowa ba, kuma ba injin da ya wuce ranar maidowa. Amma waya ba ta san suruki ba. Abin da ta nuna shi ne mutum guda mai ɗan fegi ɗaya ya ɗauki inji sau ashirin da uku cikin wata biyu.

Ranar wata Talata jami'ar ƙungiyar, Jamilatu, ta iso da mota. Ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta tara mutane a gindin itacen bediya na ƙofar sito, dattawa a kan tabarma, Labbo a tsakiyarsu.

"Malam Kalilu, a ofis cewa ake ka mallake injinan nan kai kaɗai. Ni ban yarda ba. In wasu ka ɗaukar wa, faɗi sunayensu in gyara yanzu, sito ya zauna. In ba haka ba, akwai garuruwan da ke jira."

Kalilu ya saci kallon tabarma. Labbo na jan carbi, Bawa na gyara hula, ba wanda ya ɗago ya dube shi.

"Ni na ɗauka, Hajiya."

"Duka ashirin da ukun?"

"Duka."

Sau uku tana tambaya. Kafin la'asar an loda injinan an nufi siton garin Tsamaye da su, an karɓe waya da makulli. Abin takaici, har da mai cewa Kalilu ya yi halin 'ya'yan kirki.

Ya koma ɗibar ruwa da guga daga rijiyar fadama, yana shayar da albasar Labbo tun asuba, kafin tsohon ya fito ya gan shi. Guga ɗaya me zai yi wa fadama? Kullum sai ya tarar da wani layin ya yi fari.

Ran kwana na tara ya dawo kafaɗunsa sun ɗaye, ya iske Rahmatu zaune ba ta hura wuta ba.

"Baba ya tafi Tsamaye yau, da ƙafa," in ji ta. "Ya bi layi da samari. Mai siton ya ce ya ɗaga murya, ya faɗi sunansa sau biyu gaban kowa. Aka duba waya, aka ce ba a san shi ba, bai taɓa neman komai ba, ya koma garinsu."

Kalilu ya ajiye gugan, ya zauna a ƙasa.