Nas Saude da Gadon Ƙurya

Duk wanda ya taɓa jinyar mace a asibitin da Saude ke aiki a Isa ya san ta. Doguwa ce, baƙa, mai sanyin murya. Idan likita ya duba mara lafiya ya ga abin ya fi ƙarfin magani, akan mayar da ita gadon ƙurya, a ja labule. Sauran ma'aikatan jinya sukan rage leƙawa, ba don rashin tausayi ba, sai don ba su san abin da za su ce ba. Saude kuwa can take jan kujerarta ta zauna.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka kawo wata tsohuwa mai suna Mas'uda daga Kurawa, can yankin Sabon Birni. Cikinta ya kumbura, idanunta sun yi rawaya. Ɗanta Maliki, mai fataucin wake zuwa Nijar, shi ya kawo ta tare da matarsa Jamilatu. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ja Maliki gefe ya gaya masa ciwon hanta ne, ya riga ya yi nisa, abin da ya rage sai maganin rage zafi.

Maliki ya tare Saude a baranda, idonsa jajur.

"Malama, don Allah kar ki hwaɗa mata. In ta jiya, zuciyarta karyewa za ta yi. Ki ce mata sauƙi na nan tahe."

Maganar ta daki Saude a inda ba ya warkewa. Ita 'yar Tsamaye ce, a yankin Sabon Birni ita ma, kuma tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya a Sakkwato ciwo ya kwantar da uwarta. 'Yan gida suka haɗa baki kada a gaya mata, don jarrabawa ta matso. Duk sanda ta kira waya sai a ce Inna ta ji sauƙi, barci take. Ranar da ta sauka daga mota da tsarabar atamfa a hannu, tabarmin zaman makoki ta tarar a ƙofar gida. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta san ƙauna ce ta sa su. Amma har ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara fito mata, ba ta daina tunanin abin da Inna za ta ce mata ba da an bar su sun gana. Daga baya daji ya lalace, 'yan bindiga suka hana mutane sakat, danginta suka watse, ko ɗakin uwar ba ta ƙara gani ba.

Ba ta gaya wa Maliki wannan ba. Cewa ta yi, "Malam Maliki, ba ni ɗora mata abin da ba ta tambaya ba. Amma in ta tambaye ni, ba ni yi mata ƙarya."

"Ai rai na Allah ne!"

"Na Allah ne. Ko ni ko likita ba wanda ya san rana. Amma jikin nata ne, ita ke jin shi."

Maliki ya juya ya tafi, ya daina gaishe ta.

Saude ta ci gaba da aikinta. Takan goge wa tsohuwar jiki, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ta kawo mata ƙasa mai tsabta a faranti ta yi taimama. Tsohuwar kuwa bakinta bai mutu ba. Ta ba ta labarin awakinta, da rijiyar bayan gidansu mai ruwan daɗi, da ƙanwarta Hadiyya, wadda suka yi shekaru ba sa magana a kan wata kalma da ta fita a wurin bikin suna.

Wata hantsi Jamilatu ta fita wanki, Maliki ya tafi neman koko, sai tsohuwar ta kama wuyan hannun Saude.

"Ɗiyata, mi likita yac ce? Kowa sai murmushi yake min, har Maliki da bai iya murmushi ba."

Saude ta zauna a bakin gadon. "Inna, ke mi kike ji a jikinki?"

"Ina jin tahiya ta matso."

Saude ta riƙe hannun tsohuwar. Sannan ta ce, "Ciwon ya yi nisa, Inna. Maganinmu bai kai gare shi, sai dai mu rage miki zahi. Lokaci na wurin Allah."

Tsohuwar ta lumshe ido, ta yi hamdala, ta ce a kira mata ɗanta.

Maliki ya shigo da kofin koko, ya dubi fuskar uwarsa, ya dubi Saude, ya gane. Kafin ya buɗe baki tsohuwar ta riga shi.

"Maliki, ni kake ɓoye ma mutuwa? Ni da na wanke matan Kurawa ba adadi? Aje kokon ga, ka zauna. Za ni gida."

"Inna, hanya ba lahiya. Can kuma ba allura, ba likita."

"Can akwai Hadiyya. Ba ni son in tahi ban ga idonta ba."

Maliki ya durƙusa ya kifa kansa a kan katifar, yana kuka. Saude ta fita ta ja musu labule.

Ita ma abin bai kwanta mata ba. Ta san ramukan hanya za su wahalar da cikin nan, ta san nan kusa da ita zafin zai fi sauƙi. Amma ta je ta sami likita ta gaya masa abin da mara lafiyar ke so, ya yarda ya sallame ta. Ta zaunar da Jamilatu ta koya mata yadda za ta ba da ƙwayar rage zafi, da yadda za ta juya tsohuwar, da yadda za ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe idan haɗiya ta gagara. Ta ce mata, "In numhwashi ya canza, kar ki ruɗe, kar ki yi ta kuka a kanta. Ki riƙe hannunta, ki riƙa yin kalmar shahada kusa da kunnenta. Tana jin ki."

Suka jira ranar kasuwa, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota, Saude da kanta ta gyara mata filo.

"Ki zo mu tahi, ɗiyata, ki sha ruwan rijiyarmu."

"In hanya ta yi kyau, Inna."

Motar ta tashi. Saude ta tsaya a bakin ƙofar asibitin har ta ɓace mata, tana ji kamar ta bi ta da gudu ta ce a rage mata hanya zuwa nata gidan.

Bayan kaka Maliki ya zo Isa da kayan fatauci, ya biyo ta asibitin. Ya ce Inna ta rasu ana gab da girbi. Hadiyya ta zo tun ranar da suka isa, ita da Inna suka kori kowa daga ɗakin, aka yi ta jiyo kukansu, can kuma aka jiyo dariya. A cinyar Hadiyya ta cika, ita kuma ta wanke ta.

"Har yau, Malama, in na tuna wahalar da tas sha a mota, raina na ɓaci da ke," in ji shi. "Amma ta ce in gaishe ki. Shi yas sa niz zo."

Saude ta yi mata addu'a, ta yi masa ta'aziyya, suka rabu.

Tana nan a Isa har yanzu, ritaya ta matso. 'Ya'yanta da ke Sakkwato sun gyara mata ɗaki, kullum suna roƙonta ta koma wurinsu ta huta. Takan ce musu su ƙara haƙuri, Sakkwato ta yi nisa da gida. Duk wanda aka kawo daga yankin Sabon Birni kuwa, bayan ta auna shi ta ba shi magani, sai ta rage murya ta tambayi mai jinyarsa ko mutane sun fara komawa ƙauyukansu, ko an yi shuka bana.