Sungumin da Abokina Ya Ƙwace a Hannuna

Shekaru sun ɗan ja baya yanzu, tun shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida Kaura ina jiran aiki. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan ina fasawa, domin ba nawa ba ne ni kaɗai. Sai da na tambayi mai shi. Ya ce in rubuta, amma kada in mai da kaina jarumi. Na ce masa ko na so ba zai yiwu ba.

Abokina ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Tare muka yi sakandare, kuma shi ya laƙaba mini Farfesa tun ban ga ƙofar jami'a ba, saboda ba na iya amsa tambaya sai na fara da “ya danganta”. Da kakar wannan shekara 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, suka kashe mahaifinsa da ƙanensa a gona suna cikin ɗaurin dami. Garin ya watse. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata suka koma Shinkafi wajen yayanta, shi kuma bayan wata biyu ya zo Kaura ya sauka a ɗakina na zaure.

Ranar da ya iso na yi masa gaisuwar da kowa ke yi, na ce, “Ya haƙuri?” Ko yaro ya san amsar ita ce “da godiya”. Ya dube ni ya ce, “Babu, Farfesa. Ya ƙare.”

Daga nan muka shiga muhawarar da ta ci mana rani duka. Bayan la'asar mukan tafi tsohuwar tashar jirgin ƙasa mu zauna a inuwar dogon yaro, inda ba kowa sai awaki. Yakan ce da an tambaye shi kafin a haife shi, da ya ce a bar shi inda yake. Yakan ce, “Babana bai taɓa barin sahun farko ba. Mi ya samu?” Ni kuma in waiwaya hagu da dama, in rage murya, in ce ya yi istigfari. Bai daina salla ba, amma ya daina zuwa jam'i, kuma ya ce jikinsa ne kawai ya saba. Ba na son in yi muku ƙarya: tsorona biyu ne. Ina tsoron abin da zai same shi, ina kuma tsoron cewa wasu tambayoyin nasa sun zauna mini a ƙirji, ba ni da amsarsu. Sai na sayi sabon littafin rubutu, na shiga tara hujjoji, daga ƙissoshin annabawan da aka jarraba har zuwa abin da na tuna daga lacca. Kowace hujja da lambarta.

Wata rana maganar ta gangaro kan mata. Ya ce su sun huta, ba sa irin wannan tunani, su sha kuka su tashi su hura wuta. Ya ba ni misali da mahaifiyarsa. Ranar gudu, in ji shi, mutane na ta kansu, ita kuwa ta koma ɗakin girki ta ciro zangarniyoyin geron da mahaifinsa ya ware na iri ya rataye a saman murhu. Ko zani na biyu ba ta ɗauka ba. “Ka gaya mini, Farfesa, wanga hankali ne?” Da zai baro Shinkafi ta ƙunsa su a tsumma ta danƙa masa, shi kuma ya cusa su ƙarƙashin gadona bai sake kallonsu ba.

Ni da na karanta ilimin zamantakewa sai na gyara zama. Na ce ba rashin tunani ba ne, rashin dama ne, da an sa su makaranta da sun yi tunani kamar mu. A lokacin gani nake kare su nake yi. Ina ma jin daɗin kaina. Ranar ce mahaifiyata ta tambaye ni me muke tattaunawa kullum har magariba, na ce mata, “Maganar ilimi ce, Inna.” Ta ce, “To, Allah ya ƙara ilimi.”

Da bazara ta yi tsanani, wata Juma'a bayan na dawo masallaci, ya ce mini jibi zai koma gida. Zai shiga mota zuwa Zurmi, sauran ya taka da ƙafa, ya kwana a ɗakin mahaifinsa. Mu duka mun san ba kowa a ƙauyen, kuma mun san wa ke riƙe da hanyar. Na faɗa masa haka. Ya ce, “In sun same ni, sun hutar da ni.”

Na ɗauko littafina, na karanta masa hujjoji goma sha ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ban taɓa mantawa da wannan ladabin nasa ba. Da na gama ya ce, “Ta bakwai ta rushe ta uku.” Na duba, sai na ga gaskiyarsa.

Ban san inda zan nufa ba, sai na shiga cikin gida. Na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na tsuguna na zayyana mata komai, har da abin da nake ɓoyewa na maganar addini. Ba ta yi salati da ƙarfi ba kamar yadda na zata. Ta ci gaba da kaɗa rariya, can ta ce, “Ƙunshin nan da ke ƙarƙashin gadonku, mi ne ne?” Na ce irin gero ne, na ba ta labarinsa. Ta ce in kira mata shi.

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta. Ina jiran in ji nasiha, sai na ji ta ce, “Ɗana, an ce tafiya za ka yi. Allah ya kiyaye hanya. Amma irin nan ka bar mini shi. Irin da ya bar hayaƙi ƙwari ke gadonsa, in ya wuce daminar bana ya zama gari. Gobe zan yi binne a 'yar gonata. Ka raka mu ka ga inda anka zuba shi, don in uwarka ta tambaya ya zama akwai shaida.” Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Mutum yana maganar mutuwa, ita tana roƙon gero. Shi kuwa ba zai iya ce wa babba a'a ba, ya ce to.

Ga wanda bai sani ba, binne shi ne shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ya yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, ka yi asara. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a gaba da sungumi yana sara, ɗaya a baya da ƙwarya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Gonar mahaifiyata a bakin gari take, ana hango gidaje, kuma tun rasuwar mahaifina takan sa wani ya yi mata saran. Da safen nan ba ta kira kowa ba. Ta sussuke zangarniyoyin, ta zuba a ƙwarya, ta miƙa mini sungumi.

Rabona da sungumi tun ina firamare. Na fara sara da iyakar gaskiyata, kamar yadda nake yin komai. Kowane rami sai na tsaya na duba ko ya isa, in ga kamar bai isa ba, in ƙara. Wani ya yi zurfin da zai ɗauki tulu, wani ko kaza ta tone shi. Layin kuwa ya tashi gabas ya ɓulle kudu. Mahaifiyata na biye da ni tana zuba irin mahaifin abokina a ciki, tana cewa, “Madalla, Malam. Haka nan.”

Abokina na zaune gindin aduwa yana kallo. Ya daure layi ɗaya. Ya daure rabin na biyu.

“Farfesa, rijiya kake gina?”

Na ce ya danganta da irin ƙasar.

Ya ce, “Inna, irin ga ɓata shi kawai ake yi. Ba ya fitowa daga ramin nan.”

Ta ce, “Mi zan yi, ɗana? Shi Allah ya ba ni.”

Na ƙara sara uku. Ban ji tahowarsa ba, sai ji na yi an fizge sungumin. Ya koma farkon gona ya fara, taku ɗaya sara ɗaya, ko ƙasa ba ya kallo, layi ya miƙe kamar an ja igiya. Mahaifiyata ta bi bayansa. Ni kuma, da ba ni da sauran aiki, na bi bayanta ina riƙe da butar ruwa, shi ya sa na ji hirarsu.

Ya ce, bai waiwayo ba, “Inna, kin san binne caca ce.”

Ta ce, “Na sani. Sau uku yana ƙone mini.”

“To don mi kike yi?”

Ta zuba iri ta rufe, ta zuba ta rufe, sannan ta ce, “Bakwai na haifa, uku sunka tsaya. Da anka ɗauke na uku a jere, na yi wata biyu ina yi wa Allah irin tambayar da kake yi. Ban faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni. Ku maza kukan samu inuwa ku zauna ku yi ta. Mu muna yi muna daka.”

Saran ya tsaya. Ya ce, “An ba ki amsa?”

Ta ce, “A'a. Wanga anka ba ni.” Ta nuna ni da baki. “Kai ma ka ga ba amsa ba ce.”

Abokina ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. Ta fito masa da ƙyar, kamar tari, har ya dogara da sungumin. Ni kuwa ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan, na san an yi rashi kafin ni, amma ban taɓa tunanin in tambaye ta yadda ta ji ba.

Da suka kai ƙarshen layin ta ƙara da cewa, “Uwarka kuma ba ta rasa hankali ba. Ɗaki ta duba ta ga mi zai iya tashi in an kai shi wani wuri. Zani ba ya tsiro.” Ya juya ya kama sabon layi, har da nawa guda biyu ya sake.

Washegari ita ce ranar tafiya. Tun asuba nake satar kallon jakarsa, na kasa tambaya. Da hantsi ya ce, kamar da bango yake magana, bari ya ga yadda ruwan zai yi, don in yayyafi ya ɓata shukar sai an sake, kuma ba zai bar mini sungumi ba. Rana ta huɗu hadari ya taso ya fara ɗigo ɗaya-ɗaya. Na same shi tsaye a ƙofar gida ya ɗaga kai sama, yana cewa a hankali, “Allah, ko ka riƙe shi, ko ka sake shi duka.” Na yi kamar ban ji ba. Ɗigon ya tsaya bai jiƙa ƙasa ba. In ban manta ba, rana ta tara aka yi ruwan da ya cika kwatoci.

Daga nan ya ce sai ya ga tsiro. Da ya tsiro ya ce sai an yi noman firi, wato na farko, sai kuma maimai, na biyu. Bai taɓa cewa ya fasa tafiya ba, kullum dai akwai abu ɗaya da ya rage. Da kaka ya ɗora dami biyu a mota ya kai wa mahaifiyarsa Shinkafi.

Ina so in yi hattara a nan, kada wani ya ɗauka cewa nake yi gero na warkar da baƙin ciki. Daga baya ya ga likita, ya sha magani na wani lokaci, kuma akwai watannin da ya koma shiru. Jam'i ma a hankali ya koma, ba wanda ya ja shi. Har yau muna musu. Yana nan da wasu tambayoyinsa, ni ma ina nan da “ya danganta” ɗina. Abin da kawai muka daina shi ne yanke wa mata hukuncin abin da ke cikin ransu alhali ba mu tambaye su ba. Wataƙila abin da na koya ke nan, in ma na koyi wani abu: na yi wata huɗu ina neman hujjar da za ta sa ya yarda rayuwa ta cancanta, mahaifiyata kuwa kwana tara kawai ta nema masa, sannan wasu taran.

Yanzu yana koyarwa, yana da 'ya'ya mata biyu, kuma duk shekara yana aiko wa mahaifiyata zangarniyoyin da ya zaɓa daga wannan irin. Tana rataye su a saman murhu. Duk lokacin da na shiga ɗakin girkin na ɗaga kai na gan su, sai in gode wa Allah, in gode wa mata biyu, ɗaya da ta ɗauko, ɗaya da ta roƙa.

Bara ne na yi ƙarfin halin tambayarta ko da gangan ta ba ni sungumin nan. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta na da zafi. Ta ce, “Ɗan manomi zai iya kallon mutuwa, amma ba zai iya kallon ana ɓata irin ubansa ba. Kai kuma, Malam, na san ba za ka ba ni kunya ba.”